Fuskokinmu a Cikin Ƙaramar Na'ura

Laccar da aka gabatar ga ɗalibai, malamai da iyaye a garin Gammo, ƙaramar hukumar Kabo, jihar Kano

  

  

An nemi in yi bayani a kan yadda ake gina manhajar da ke gane fuskar mutum a hoto ko a bidiyo, wadda ba ta shanye batir, ba ta cika waya, ba ta kuma zaman jiran sabis. Na san akwai dattijon da yake cewa a ransa: mu da muke fama da tsadar taki, ina ruwanmu da wannan? Baba, da ruwanka, domin na'urar ta riga ta kalli fuskarka, ta kuma yanke hukunci a kanka.

Abin da muka gani a rumfar zaɓe

Duk wanda ya fita zaɓe a mazaɓar Gammo ranar 25 ga Fabrairun 2023, ko ranar 18 ga Maris da aka yi na gwamna, ya tsaya gaban na'urar BVAS. Ku tuna yadda abin yake. Tsohuwa ta miƙa katinta, ma'aikaci ya ce, "Iya, kawo yatsa." Ta ɗora, na'ura ta yi gum. Yatsa ne da ya tsufa a kan taɓarya da fartanya, ga lalle ya rine shi, ga kaushin hunturu, zanensa duk ya shafe. Sai ya ce, "To Iya, ɗago ki dube ni, ɗan ja hijabin baya kaɗan." Ya ɗaga na'urar daidai fuskarta. Idan rana tana bayanta sai ya juya ta, ko ya ja ta gindin darbejiya inda haske ya lafa. Bayan 'yan daƙiƙu na'ura ta amince, a miƙa mata ƙuri'a.

A 2015, zamanin Farfesa Attahiru Jega, wanda ya taɓa shugabantar Jami'ar Bayero, hukumar zaɓe ta kawo na'urar karanta kati mai duba yatsa kaɗai. Har Shugaban Ƙasa Goodluck Jonathan sai da ta wahalar da shi a Otuoke. Idan yatsa ya ƙi, sai a cike takarda da hannu, kuma ta nan ake zargin an riƙa shigo da maguɗi. BVAS ta haɗa fuska da yatsa. An fara gwada ta a zaɓen cike gurbi na Isoko ta Kudu a jihar Delta a Satumban 2021, sannan a zaɓen gwamnan Anambra a Nuwamban shekarar. A 2023 ta yi aiki a rumfuna sama da 176,000, ga masu rajista fiye da miliyan 93, kusan miliyan 6 daga cikinsu 'yan Kano. Abin lura shi ne tantance mai zaɓe ba ya buƙatar sabis. An loda rajistar rumfar a cikin na'urar tun kafin a fito da ita. Sai an zo tura sakamako ake neman intanet.

Ke nan duk lissafin gane fuskar Iya a tafin hannun ma'aikaci aka yi shi, da batir ɗin da dole ya kai yamma. Haka abin yake a wayar da ke buɗewa idan ta ga mai ita. A ƙasa irin tamu, manhajar da ba ta da sauƙi ba ta da amfani. Amma rage nauyi yana da farashi, kuma idan ba a lura ba, fuskokin irinmu ne ke biyan farashin. A kan waɗannan abubuwa biyu zan tsaya.

Me na'ura take gani?

Na'ura ba ta ganin hanci ko ido. Lambobi take gani. Hoto ɗigo-ɗigo ne, kowane ɗigo yana da lambobi uku: yawan ja, yawan kore, yawan shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255. Hoton fuskar da masu wannan sana'a suka fi aiki da shi yana da ɗigo 112 a tsaye, 112 a kwance. Ku ninka, sannan ku ninka da uku: lambobi 37,632.

Aikin matakai huɗu ne. Na farko, a gano inda fuska take a cikin hoto. Na biyu, a daidaita ta: a nemo idanu biyu, kan hanci da gefunan baki biyu, a juya hoton har su zauna a wuraren da aka tsara. Na uku, a tace waɗancan lambobi dubu 37 su koma gajeren jeri, galibi 128 ko 512, wanda zan kira tambarin fuska. Na huɗu, a gwada tambarin yau da wanda aka ajiye ranar rajista. Idan tazarar da ke tsakaninsu ta gaza wata iyaka, a ce mutum ɗaya ne. Idan ta wuce, a ce ba shi ba ne.

Tambarin kansa ba shi da nauyi. Lamba 128, kowace tana cin bait 4, bait 512 ke nan. A ce rumfa tana da mutum 750, tambarinsu gaba ɗaya bai kai rabin megabait ba. Nauyin yana wajen injin da ke fitar da tambarin.

Inda nauyin ya samo asali

Neman koya wa kwamfuta gane fuska ya daɗe. Woodrow Bledsoe ya fara a Amurka tun shekarun 1960, mutum yana nuna wa na'ura inda ido da baki suke da hannu. Takeo Kanade ya yi digirinsa na uku a kan haka a Kiyoto ta Japan a 1973. A 1991 Matthew Turk da Alex Pentland na jami'ar MIT suka nuna ana iya taƙaita fuska da 'yan lambobi. Duk waɗannan suna rikicewa da zarar haske ya sauya ko mutum ya karkata kai.

Juyin ya zo ne da manhajoji masu koyo daga misalai, waɗanda yau ake kira ƙirƙirarriyar basira. Irin wannan manhaja hawa-hawa ce. Kowane hawa yana karɓar lambobi, ya ninka su da wasu lambobin da ya koya, ya tara, ya miƙa wa na sama. Lambobin da aka koya su ne ma'aunai. A 2014 kamfanin Facebook ya fitar da DeepFace, wadda aka horar da hotuna miliyan 4 na mutum kusan 4,000. A jarrabawar da aka fi sani a lokacin, wato tarin hotuna 13,233 da Jami'ar Masacusets ta haɗa a 2007 mai suna LFW, ta ci kashi 97.35 cikin ɗari, dab da abin da ɗan Adam yake ci. A 2015 FaceNet ta Google ta kai 99.63, da tambari mai lamba 128.

To amma DeepFace tana da ma'aunai sama da miliyan 120. A bait 4 kowanne, kusan rabin gigabait ke nan. Ku duba wayar Itel ko Tecno da ke aljihun yawancinmu, wadda kullum take kukan ta cika. Wani zai ce a bar manhajar a babbar kwamfuta a Legas ko Abuja, waya ta riƙa tura hoto. Wannan yana buƙatar sabis da data a kowane dubawa, kuma mun ga yadda aka rufe layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin maƙwabciyarmu Katsina a Satumban 2021 saboda matsalar tsaro. Banda haka, duk hoton da ya bar wayarka ya fita daga ikonka. Saboda haka dole manhajar ta sauko cikin waya.

Hanyoyi huɗu na rage nauyi

Hanya ta farko ita ce a gina ta da sauƙi tun daga tushe. A nan zan roƙi 'yan ajin lissafi su ɗauko biro. A cikin hawa guda, ana zagaya wata 'yar taga mai gida tara, uku sau uku, a kan hoto. A ce hawan yana karɓar shafuka 64 na bayani, yana fitar da 64. A tsohon tsari kowane shafin fita yana duba dukkan shafukan shiga ta wannan taga: 9 sau 64 sau 64, ninki 36,864 a kowane gurbi. Idan shafin yana da gurbi 56 sau 56, ninki ya haura miliyan 115 a hawa ɗaya tak. A 2017 Andrew Howard da abokan aikinsa a Google suka fitar da MobileNet, wadda ta raba aikin gida biyu. Da farko kowane shafi ya bi ta tagarsa shi kaɗai: 9 sau 64, wato 576. Sannan a gauraya shafukan a gurbi ɗaya ba tare da taga ba: 64 sau 64, wato 4,096. Jimla 4,672. A dukkan shafin, bai kai miliyan 15 ba. Aiki ya ragu kusan sau takwas, ƙwarewar kuwa kaɗan ta ragu.

A 2018 Sheng Chen da abokansa a ƙasar Sin suka ɗauki wannan salo suka yi wa fuska ɗinki na musamman, suka kira shi MobileFaceNet. Sun lura cewa a hawa na ƙarshe, inda hoto ya koma gida 7 sau 7, manhajojin gama-gari suna ba kowane gida daraja ɗaya. Ga fuskar da aka daidaita kuwa, gidajen tsakiya suna kan ido da hanci, na kusurwa suna kan bango ko hula. Sai suka bar manhajar ta koyi darajar kowane gida da kanta. Ma'aunanta ba su kai miliyan ɗaya ba, nauyinta megabait 4, ta ci 99.55 a LFW. Cikin shekara huɗu, abin da ya fi DeepFace ƙanƙanta sau fiye da ɗari ya fi ta maki.

Hanya ta biyu ita ce rage tsawon lambobi. Lokacin horarwa, kowane ma'auni yana cin bit 32, wato bait 4 ɗin da na ambata. Bayan an gama, ana iya mayar da shi bit 8, wato a zaɓa masa mafi kusa daga matakai 256. Nauyi ya ragu sau huɗu nan take, manhajar megabait 4 ta koma kusan 1, kuma ƙwaƙwalwar waya ta fi saurin lissafi da irin waɗannan gajerun lambobi. Kafin a yi haka ana nuna wa manhajar wasu ɗaruruwan hotuna don a ga iyakar da lambobinta suke kaiwa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Hanya ta uku ita ce datsewa. Da yawa daga cikin ma'aunai suna kusa da sifili, ba su tsinana komai. A 2015 Song Han na Jami'ar Stanford da abokansa suka haɗa datsewa da rage lambobi da matse fayil, suka mayar da wata sananniyar manhaja mai suna AlexNet daga megabait 240 zuwa 6.9, makinta bai faɗi ba. Sai dai a kula: cire ma'aunai ɗaiɗai nan da can yana rage girman fayil, amma ba lallai ya ƙara gudu a waya ba, domin ƙwaƙwalwarta tana lissafi ne a jere, har da sifilin. Mai son gudu sai ya cire shafi sukutum.

Hanya ta huɗu sunanta malami da ɗalibi, kuma Geoffrey Hinton da abokansa ne suka yaɗa ta a 2015. Ana horar da ƙatuwar manhaja a babbar kwamfuta, sannan a sa ƙarama ta kwaikwayi amsoshinta. A fannin fuska, ana nuna musu hoto ɗaya, a matsa wa ƙaramar ta fitar da tambari kusa da na babbar. Ƙaramar da ta yi karatu a gaban malami takan fi wadda ta koya ita kaɗai. Da wannan ake haɗa dabarar ArcFace, wadda Jiankang Deng da abokansa na Kwalejin Imperial ta Landan suka gabatar a 2019: a lokacin horo ana tilasta wa manhaja ta bar tazara mai faɗi tsakanin tambarin mutane daban-daban. Wannan ba ya ƙara ko ninki ɗaya a waya. Ƙa'idar ke nan: duk wahalar da za a sha, a sha ta sau ɗaya a ɗakin horarwa, kada a ɗora wa batir ɗin talaka.

Idan hoto ya zama bidiyo

Bidiyo hotuna ne a jere, galibi 30 a daƙiƙa. A minti ɗaya 1,800, a sa'a ɗaya 108,000. Mai shagon da ya kafa kyamara da ɗan farantin sola, idan ya ce sai an bi matakai huɗun nan a kowane hoto, kafin la'asar batir ya mutu.

Maganin ya girmi wayoyinmu. A 2001 Paul Viola da Michael Jones suka gina mai gano fuska da ke duba hoto 15 a daƙiƙa a kan kwamfutar da wayar yau ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Sun lura cewa kusan duk sassan hoto ba fuska ba ne: bango ne, sama ce, ƙasa ce. Sai suka jera gwaje-gwaje 38, daga mafi araha zuwa mafi tsada. Na farko yana duba abu biyu kawai, kamar ko yankin idanu ya fi na kumatu duhu. Sashen da ya faɗi a nan an sallame shi. Kaɗan ne ke kaiwa ga gwaji mai tsada.

Haka ake yi wa bidiyo. Idan babu motsi, kada a tashi komai. Idan an ga motsi, ƙaramin mai gano fuska ya duba. Idan ya samu, ba sai an sake nema a kowane hoto ba, sai a bi sawunta da lissafi mai arha, tunda mutum ba ya tsallake ɗaki a kashi ɗaya cikin talatin na daƙiƙa. Daga cikin hotuna ɗari da aka samu yana wucewa, a zaɓi uku ko biyar da ya fuskanci kyamara, babu dishi-dishi, haske ya zauna. Su kaɗai za a kai wa mai fitar da tambari, a haɗa sakamakonsu. An rage aiki, an kuma ƙara inganci, domin mummunan hoto shi ne uwar kuskure.

Gargaɗi ɗaya ga masu gwaji. Ƙidayar ninki a takarda daban, gudu a waya daban. Masu binciken da suka fitar da ShuffleNet ta biyu a 2018 sun nuna cewa kai-kawon bayanai tsakanin ma'adana da ƙwaƙwalwa yana cin lokaci sosai. Kuma waya tana rage wa kanta gudu idan ta yi zafi. A watan Afrilu, da zafin Kano yake haura digiri 40, manhajar da ta yi gudu a ofis mai sanyi za ta iya rarrafe a fili. A gwada ta a kan wayar da za a yi aiki da ita, da rana tsaka, na sa'o'i a jere.

Abin da ake zubarwa

Yanzu mun zo inda gizo ke saƙar. Matafiyin da aka ce ya rage kaya ba ya jefar da abin da yake taɓawa kullum. Abin da ba kasafai yake buƙata ba shi yake fara ajiyewa. Manhaja ma haka take. A 2019 da 2020 Sara Hooker da abokan aikinta a Google suka bincika abin da manhajoji ke mantawa idan aka datse su ko aka rage musu lambobi. Sun samu cewa jimillar maki ba ta cika motsawa ba, amma kuskuren yana taruwa a kan 'yan tsirarun misalai, waɗanda dama ba su da yawa a hotunan horarwa.

To su wane ne 'yan tsiraru a can? Manyan tarin hotunan da aka horar da waɗannan manhajoji daga intanet aka kwaso su: 'yan fim, 'yan ƙwallo da 'yan siyasa, mafi yawansu Turawa. A 2018 Joy Buolamwini, wadda iyayenta 'yan Gana ne, da Timnit Gebru, haifaffiyar Habasha, suka gwada manhajojin IBM da Microsoft da Face++ a kan bambance mace da namiji. Ga maza masu hasken fata, kuskure bai wuce kashi 0.8 ba. Ga mata baƙaƙe, ya kai 34.7. A Disamban 2019 hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta gwada manhajoji 189 na masu ƙira 99. Ta samu cewa ɗaukar wani a matsayin wani ya fi yawa a fuskokin Afirka ta Yamma da ta Gabas da Gabashin Asiya, a manhajoji da dama ya ninka na Turawa sau 10 zuwa 100. Ta kuma samu cewa da yawa daga manhajojin da aka gina a Sin ba su da wannan rauni a kan fuskokin mutanensu. Ashe laifin ba na fata ba ne, na abin da aka nuna wa manhaja ne. Kamfanin Transsion mai Tecno da Itel da Infinix ya gane haka, ya gyara kyamarorinsa don su fito da baƙar fata sosai, kuma wannan yana cikin abin da ya ba shi kasuwar Afirka.

Ku ƙara da abin da yake namu. Hijabi yana rufe kunne, gashi da gefen fuska. Rawani da amawali suna rufe goshi da haɓa. Dattawanmu suna da zane da tsage a kumatu. Saurayin da ya yi rajista ba gemu ya dawo bayan shekara takwas da gemu cike da fuska. Ranarmu tana da kaifi, ta ƙone rabin fuska da haske ta bar rabi a duhu, hazon hunturu kuma ya dushe hoto. Manhajar da ta ci 99 a jarrabawar waje, aka matse ta, aka daidaita gajerun lambobinta da hotunan fararen fata, za ta iya zuwa nan ta riƙa tuntuɓe a kan tsofaffi da mata, makinta na takarda kuwa yana nan yadda yake.

Kuskure iri biyu ne, kuma iyakar da na ambata ita ke raba su. Ka tsananta, ka kori mai gaskiya: Iya ta koma gida ba ta yi zaɓe ba. Ka sassauta, ka karɓi wanda ba shi ba: wani ya kwashe kuɗin wani. Injiniya ba shi da ikon kawar da duka biyun, zaɓi yake yi, don haka dole a san wanda ya zaɓa da dalilinsa. Kuma tambayar "wannan shi ne mai katin?" daban take da "wane ne wannan a cikin jama'a?" Masu lambar NIN ta katin ɗan ƙasa sun haura miliyan 100. A ce manhaja tana kuskure sau ɗaya a miliyan. Idan aka nemi fuska ɗaya a cikinsu, za a iya samun mutum ɗari da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. A Janairun 2020 'yan sandan Ditroyit a Amurka suka kama wani baƙar fata, Robert Williams, a gaban iyalinsa, suka tsare shi kusan sa'a 30, saboda manhaja ta haɗa shi da hoton wani ɓarawon agogo. Amsar na'ura zato ce, ba shaida ba ce.

Amana

Gyaran yana buƙatar hotunanmu, kuma a nan amana ta shigo. Kamfanin Microsoft ya fitar da tarin hotuna kusan miliyan 10 na mutum 100,000 a 2016, ya janye shi a 2019 bayan an fallasa cewa ba a nemi izinin masu fuskokin ba. Dokar Kare Bayanan Jama'a da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023 ta sa bayanan jikin mutum, irin yatsa da fuska, cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Addininmu ma ya hana bin diddigin sirrin mutane tun kafin doka. Wanda aka sace wa lambar sirri zai sauya wata, wanda aka sace wa tambarin fuska ba shi da wata fuskar.

Iyayena, idan wani ya zo da waya ya ce zai ɗauki fuskarku don tallafi ko rance, ku tambaye shi: wa ya aiko ka, ina hoton zai tafi, wa zai gani, yaushe za a goge? Wanda ya kasa amsawa, ku sallame shi. Masu shirya irin wannan aiki kuma su tanadi ma'aikata mata don mata masu niƙabi, su kuma tanadi wata hanyar ga wanda na'ura ta ƙi. Ƙaramar manhaja tana da falala a nan: tunda a cikin waya take aiki, hoton ba sai ya tafi ko'ina ba.

Aikin da ke gabanku

Ƙannena ɗalibai, horar da babbar manhaja daga tushe yana cin kuɗin da ba mu da shi. Amma matse ta, gwada ta da gyara ta suna cikin ikonku. Ku riƙe lissafi, musamman aljabara da ƙididdiga. Ku koyi harshen Python. OpenCV kyauta ne, yana zuwa da mai gano fuska da mai fitar da tambari. TensorFlow Lite da ONNX Runtime suna saukar da manhaja cikin waya. Google Colab da Kaggle suna ba da aron kwamfuta mai ƙarfi na 'yan sa'o'i ba ko kwabo. Jami'ar Bayero tana kan titin Gwarzo, hanyar da kuke bi in za ku shiga birni, akwai kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote a Wudil, duka suna koyar da ilimin kwamfuta.

Ga aikin da nake so wani a cikinku ya yi kafin ya gama digiri. Ya nemi izini a rubuce daga manya masu hankalin kansu, maza da mata, matasa da tsofaffi, bayan ya yi musu bayani da Hausa. Ya ɗauki kowa da safe, da azahar, da magariba, a rana da inuwa, da hula da hijabi. Ya ɗauko manhaja guda, ya gwada ta da cikakken nauyinta, ya matse ta zuwa bit 8, ya sake gwadawa. Kada ya ba mu maki ɗaya. Ya ba mu na tsofaffi daban, na mata daban, na masu zane daban, na rana tsaka daban, tare da daƙiƙun da ta ci da batir ɗin da ta sha a wayar da ake sayarwa a kasuwar Farm Centre. Sannan ya daidaita ta da hotunanmu, ya nuna abin da ya sauya. Wanda ya yi wannan ya riƙe ilimin da banki da hukumar zaɓe da hukumar katin ɗan ƙasa suke buƙata, kuma ba za a same shi a Kalifoniya ko Shenzen ba, domin fuskokin da hasken a nan suke.

Malamai, ku ba yaran nan lokaci a ɗakin kwamfuta. Masu hali, ku taimaka musu da sola da data. Ranka ya daɗe Dagaci, muna roƙon a sa ido a kan duk mai zuwa ɗaukar bayanan jama'a a wannan gari.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya tsare mu daga zalunci da na'ura ko ba da na'ura ba, ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya.